Yadda Ake Ajiye Aiki Idan an Samu Wani: Lissafin Notis Har Zuwa Ranar Sallama

Sabon wurin aiki sun ce ka zo ka fara ranar 1 ga wata, tsohon wurin kuma takardarsu ta ce sai ka ba su notis na wata uku. A nan mafi yawan masu sauya aiki suke rikicewa, saboda sun amsa wa sababbin iyayen gida ranar farawa tun kafin su duba igiyar da ke ƙafarsu. Ranar da za ka fara sabon aiki, tsohuwar takardarka ce ke yanke ta. Don haka daga can ake soma lissafi. Bayanin nan a kan tsarin Najeriya yake, kuma ga yadda ake bi.

Mataki na farko: kada ka rubuta komai sai ofa ta shigo hannu

Kiran waya ba ɗaukar aiki ba ne. "Mun zaɓe ka, za ka ji daga gare mu" ma ba ɗaukar aiki ba ne. Abin da ake jira shi ne takarda mai kan kamfani ko hukuma, da sa hannu, wadda ta faɗi muƙami, albashi da ranar farawa.

Ko ta zo, a karanta ta da kyau, domin ofa, wato takardar tayin aiki, sau da yawa da sharaɗi take zuwa: sai ka ci gwajin lafiya, sai an tantance takardun makaranta, sai ka kawo masu tsaya maka, sai tsohon wurin aikinka ya ba da shaida mai kyau a kanka. Muddin akwai sharaɗin da bai cika ba, suna iya janyewa. Wanda ya ajiye aiki a wannan hali ya saki reshe ya kama ganye, don da zarar takardar ajiye aiki ta isa hannun ofis, ba shi da ikon janye ta sai in su suka ga dama. Ka cika duk sharaɗin da za ka iya cikawa tukuna. Na shaidar tsohon wurin aiki kuwa, ka roƙi sababbin su jinkirta tuntuɓa har sai ka sanar da oganka da bakinka.

Mataki na biyu: gano tsawon notis ɗinka

Wuri uku ake dubawa: takardar ɗaukarka aiki, littafin ƙa'idojin ma'aikata na wurin, sannan doka.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 11, ta tsara mafi ƙarancin notis gwargwadon daɗewar mutum a aiki. Wanda bai wuce wata uku ba, kwana ɗaya. Wanda ya haura wata uku amma bai kai shekara 2 ba, mako ɗaya. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako biyu. Shekara 5 zuwa sama, wata ɗaya. Wannan ma'auni ya hau kan ɓangarorin biyu, ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi. Sashen ya kuma ce duk notis da ya kai mako ɗaya dole ya kasance a rubuce.

Sai dai akwai abu biyu da ke ruɗar mutane a nan. Na ɗaya, waɗannan kwanaki ƙasa ne, ba a sauka ƙasa da su, amma ana iya hawa sama. Idan ka sa hannu a kan wata uku, wata ukun ne a kanka, ba za ka buɗe doka ka ce ai mako biyu ta faɗa ba. Na biyu, sashe na 91 ya fitar da masu aikin gudanarwa, shugabanci, fasaha da ƙwararru daga ma'anar "ma'aikaci" a wannan doka. Wato manaja, injiniya, likita, akanta, lauya da makamantansu, abin da suka sa wa hannu shi ne alƙalinsu. Idan takardarsu ba ta ce komai a kan notis ba, kotu kan duba abin da ya dace da girman muƙamin da daɗewar mutum. Mai karɓar albashi wata-wata da takardarsa ta yi shiru, ya ba da wata ɗaya ya huta.

A aikace, abin da aka saba gani a kamfanoni shi ne mako ɗaya ko biyu a lokacin gwaji, wata ɗaya bayan an tabbatar da mutum, wata uku ga manyan jami'ai. Ka lura da ƙarin girma: sau da yawa takardar ƙarin girma ko littafin ƙa'idoji kan tsawaita notis, mutum bai sani ba yana ta riƙe da tsohuwar takardar da aka ba shi shekara shida da suka wuce. Makarantu da jami'o'i kuma sukan ɗaura notis da ƙarshen zango ko ƙarshen shekarar karatu, don kada malami ya bar ɗalibai a tsakiyar manhaja.

Ga 'yan'uwa da ke aiki a Gana, dokarsu ta 2003 daban take: kwantiragin shekara 3 zuwa sama wata ɗaya, ƙasa da haka mako biyu, na mako-mako kwana bakwai.

Mataki na uku: ƙirga kwanakin da kalanda a gabanka

Wannan shi ne wurin da ya kamata a zauna a nutsu, don kuskuren kwana biyu kan jawo a zaftare albashi.

Ranar da ka miƙa takarda ba ta shiga lissafi, haka sashe na 11 ya ce. A ce ka miƙa ranar Litinin 3 ga Maris. Ƙirga zai fara ranar Talata 4 ga wata. Idan mako biyu ne, ranarka ta ƙarshe 17 ga Maris. Idan wata ɗaya ne, 3 ga Afrilu, ranar Alhamis. Idan kuwa takardar "kwana 30" ta ce, to 2 ga Afrilu ne, saboda Maris kwana 31 gare shi. Asabar, Lahadi da hutun gwamnati duk suna cikin lissafi, sai fa idan an rubuta ƙarara cewa ranakun aiki ake nufi. Kwana 30 na ranakun aiki kuwa mako shida ne cif ga mai aikin Litinin zuwa Juma'a, bambancin ba kaɗan ba ne.

Akwai kuma wani tarko. Wasu wuraren sun rubuta cewa notis sai ya ƙare a ƙarshen wata. A irin wannan wuri, wanda ya miƙa takarda 3 ga Maris, watan Maris ya riga ya ɓace masa, Afrilu ne zai zama watan notis, ba zai fita ba sai 30 ga Afrilu. Da ya miƙa ranar ƙarshe ta Fabrairu, da 31 ga Maris ya gama. Jinkirin kwana uku ya ci masa wata guda.

Sannan ranar da takardar ta isa hannun ofis ake dubawa, ba ranar da ka rubuta a samanta ba. Rubuta tsohuwar rana a kan takarda don a rage kwanaki ba ya aiki, tambarin karɓa zai tona.

Da ka samu ranar ƙarshe, sai ka koma wa sababbin da ita. Wanda zai gama Alhamis 3 ga Afrilu, ya ce musu Litinin 7 ga wata. Idan akwai ƙaura, kamar daga Kaduna zuwa Fatakwal, a ƙara mako guda don neman gida da makarantar yara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka ji nauyin gaya musu notis ɗinka wata uku ne. Kamfanin kirki ya san haka, shi ma irin wannan sharaɗi zai sa maka.

Mataki na huɗu: kafin ka buɗe baki, duba abin da ake binka da abin da kake bi

Ranar sallama ake haɗa lissafi, kuma mutane da yawa sai a ranar suke gane albashinsu na ƙarshe ya tafi a biyan bashi. Ka zauna ka rubuta: bashin mota, kuɗin haya da aka ba ka na shekara gaba ɗaya, rancen ƙungiyar adashin ma'aikata, rancen banki da aka ɗaura a kan albashinka, da kuɗin tafiye-tafiyen aiki da ba ka kawo rasit ɗinsu ba. Rance mai sauƙin ruwa na ma'aikata yakan zama a biya shi gaba ɗaya da zarar mutum ya ajiye aiki. Idan an tura ka kwas ko ƙaro karatu da kuɗin ofis, kusan tabbas ka sa hannu a kan alƙawarin yin wasu shekaru bayan dawowa. Nemo takardar ka ga nawa ya rage da yadda ake lissafin maidowa.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, duba abin da ke gab da nuna. Idan giratuti a wurinku sai an cika shekara 5 kuma saura mako shida ka cika, ko garaɓasar ƙarshen shekara ana biyan wanda ke bakin aiki ne kawai a ranar biya, to ranar miƙa takarda tana da farashi. Wasu wuraren ma ba sa biyan garaɓasa ga wanda ke cikin notis. Ka auna, in ya so ka nemi sababbin su ɗaga maka ƙafa ko su cike giɓin.

A wannan lokacin ne kuma ake kwashe abin da yake naka: takardun albashi, takardar tabbatarwa da ta ƙarin girma, shaidar kwasa-kwasai. Wasu ofisoshi kan rufe imel da kwamfutar mutum a ranar da ya ba da notis. Naka kawai za ka ɗauka. Jerin abokan ciniki, farashi da bayanan kamfani ba naka ba ne, kuma kwafe su na iya kai ka gaban alƙali.

Mataki na biyar: faɗa wa oga, sannan miƙa takarda

Oganka na kai tsaye shi ne farkon ji, ido da ido, kafin abokan aiki. Magana zarar bunu ce, in ta fita ta bakin wani ta riga ka isa ofishinsa, ka ɓata sauran zaman da ya rage maka. Ka shiga da takardar a hannu, a yi maganar a miƙa a rana ɗaya. Kalmomi kaɗan sun isa: "Ranka ya daɗe, na samu wani aiki kuma na amsa. Na zo in sanar da kai da kaina kafin takarda ta wuce sashen ma'aikata. Ranata ta ƙarshe 3 ga Afrilu, kuma ina so mu tsara wanda zan miƙa wa aiki." Ba dole ba ne ka faɗi inda za ka koma.

Ita takardar, a yawancin ofisoshi da Turanci za a rubuta, amma abin da za ta ƙunsa bai wuce wannan ba:

"Ina sanar da ku cewa na ajiye aikina na jami'in kula da sito. Bisa sharaɗin takardar ɗaukata aiki, na ba da notis na wata ɗaya daga yau, 3 ga Maris. Ranar aikina ta ƙarshe ita ce 3 ga Afrilu. Zan miƙa duk ayyuka da kayan ofis da ke hannuna kafin wannan rana. Ina roƙon a ba ni lissafin haƙƙoƙina da takardar shaidar aiki. Na gode da damar da aka ba ni."

Shi ke nan. Kada a zuba ƙorafi a ciki, takardar fayil za ta shiga, kuma wanda zai buɗe fayil ɗin bayan shekara goma don ba da shaida a kanka bai san abin da ya faru ba, zafin kalamanka kawai zai gani. Kada kuma a rubuta "ina neman izinin ajiye aiki". Sanarwa ce kake yi. Sai fa wanda tilasta masa aka yi ya rubuta, ko aka ƙuntata masa har ya gaji: wannan ya ga lauya kafin ya sa hannu, domin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana kallon irin wannan a matsayin kora a fakaice, kuma yadda aka tsara takardar na da tasiri a shari'a.

Ka buga kwafi biyu. Ɗaya a karɓa, ɗayan a buga maka tambari da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa. Sannan ka aika ta imel a ranar, ka sa adireshinka na kanka a ciki don kwafi ya zauna a wurinka. Wannan kwafi mai tambari shi ne duk hujjarka.

Idan abu ya karkace

*Sun ce ba su karɓa ba.* Kotunan Najeriya sun daɗe da yanke cewa ajiye aiki ba ya jiran amincewar mai ɗaukar aiki, tun daga shari'ar Benson da Onitiri ta 1960. Da takarda ta isa, notis ya fara tafiya. Idan magatakarda ya ƙi buga tambari, aika ta kamfanin kai saƙo mai ba da shaidar isarwa, haɗe da imel. Ka ci gaba da zuwa aiki har ranar ƙarshe.

*Sun ce tattara ka tafi yau.* Wannan ya zama ruwan dare a bankuna da wuraren da ake tsoron mutum zai koma wurin abokin gasa. Ka nemi a rubuta maka, kuma a fayyace cewa za a biya ka kwanakin notis. Tafiya a kan maganar baki haɗari ce, gobe fayil zai nuna kai ne ka daina zuwa.

*Sababbin ba za su iya jira ba.* Hanya uku ce. Ko tsohon wurin ya yafe maka wani ɓangare na notis, a rubuce. Ko a cire sauran hutunka na shekara daga ciki, wanda shi ma sai da yardarsu, ba haƙƙi ne da za ka ɗauka da kanka ba. Ko ka biya kuɗi a madadin notis, abin da sashe na 11 ya halatta. A nan sai a kula da wane albashi ake nufi. A ce jimillar abin da kake karɓa naira 250,000 ne a wata, tsurar albashin kuma ba tare da alawus ba 100,000. Notis wata uku, ka yi ɗaya, za ka biya biyu: ko dai 200,000 ko 500,000. Doka ta ce a lissafin ba a sa kuɗin ƙarin lokaci da alawus-alawus, amma idan takardarka ta ce jimillar albashi, ita za a bi. Ka nemi adadin a rubuce kafin ka biya, ka biya ta banki a asusun kamfani, ka haɗa shaidar da takardarka. A shari'ar Chukwumah da kamfanin Shell ta 1993, Kotun Ƙoli ta ce kuɗin madadin notis tare da takardar ake biyansa, ba daga baya ba. Kuma ba laifi ba ne ka tambayi sababbin ko za su ɗauki nauyin kuɗin, tunda su ke gaggawa.

*Ka tafi kawai ba sallama.* Kotu ba za ta tilasta maka komawa aiki ba, amma za a bi ka kuɗin notis, a cire daga haƙƙoƙinka, a rubuta a fayil cewa ka gudu daga aiki, wani lokaci a biyo ka da takardar kora. Masu tsaya maka su za a fara kira. Ga wanda ke cikin sana'ar da kowa ya san kowa, wannan tabo ya fi kuɗin tsada.

*Sun ƙara maka albashi don ka zauna.* Ka tambayi kanka abin da ya sa ka fara neman wani aikin. In kuɗi ne kaɗai, ƙarin na iya warware matsalar, amma a rubuce, da ranar da zai fara. In oga ne ko rashin ci gaba, ƙarin bai taɓa ciwon ba. Ka kuma tuna ka riga ka amsa wa wasu.

*Akwai takardar tuhuma a kanka.* Ka amsa ta a rufe maganar kafin ka fita. Ajiye aiki a tsakiyar bincike kan zama kamar amsa laifi, kuma ba ya hana a bi mutum idan kuɗi ne suka ɓace.

Ma'aikacin gwamnati ya dakata tukuna

Wanda zai bar wata hukumar gwamnati ya koma wata, ya fara tambaya ko sauyin wurin aiki ya kamata ya nema maimakon ajiyewa. Sauyi yana tafiya da shekarun da mutum ya yi da tarihin fayil ɗinsa, ajiyewa kuwa na iya yanke su. Takardar kuma ta hannun shugaban sashe take bi zuwa sama, don haka a ba ta lokaci. Wani abu da ke jefa mutane cikin masifa: albashi ya ci gaba da shigowa bayan an tafi, saboda ba a cire suna daga tsarin biya ba. Kuɗin nan ba rabo ba ne. Kada ka taɓa shi, ka rubuta ka sanar, ka mayar, ka ajiye rasit. Cin albashi biyu na cikin abin da hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ke gurfanar da mutane a kai.

Mataki na shida: zaman notis da miƙa aiki

Har ranar ƙarshe kai ma'aikacinsu ne, da duk dokokin wurin a kanka. Wanda ya fara makara da fashi a cikin notis ana iya korarsa, ya fita da takardar kora maimakon ta ajiye aiki. Kada kuma ka fara zuwa sabon wurin a ɓoye.

Takardar miƙa aiki a fara ta tun makon farko. Kowane aiki da ke hannunka a faɗi inda ya tsaya, wa ake jira, yaushe ne wa'adi, ina fayil yake. Kayan ofis a jera su da lambobinsu: kwamfuta, waya, makullai, mota da takardunta, katin shaida. Mai riƙe da kuɗi ko sito ya nemi a yi ƙidaya a gabansa, shi da mai karɓa su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. In ba haka ba, duk abin da ya ɓace bayan tafiyarka da sunanka za a kira shi. Idan kana cikin masu sa hannu a asusun banki na ofis, tabbatar an rubuta wa banki an cire ka.

Takardar wanke kai da ake zagayawa da ita sashe-sashe, kada a bar ta sai ranar ƙarshe. Akanta na iya yin tafiya, mai kula da kwamfutoci na iya shiga hutu, kuma ba a sakin haƙƙoƙi sai ta cika.

Mataki na bakwai: abin da za ka fita da shi

Doka ta ce a biya ma'aikaci albashinsa kafin ko a ranar da notis ya ƙare. Ka karɓi lissafin a rubuce, ka duba kwanakin watan ƙarshe, sauran hutu da duk abin da aka cire. Idan aka kawo maka takardar cewa ka karɓi komai ba ka bin kowa, kada ka sa hannu sai kuɗin sun shiga kuma lissafin ya yi daidai. Ka karɓi takardar amsa ajiye aikinka da ta shaidar aiki, sabon wurin zai iya tambaya. Ka nemi shaidar harajin da aka riƙa cirewa daga albashinka. Ka tambayi ranar da inshorar lafiyarka za ta tsaya, musamman in akwai mai juna biyu ko mai shan magani kullum a gida. Su kuma waɗanda suka tsaya maka lokacin ɗaukar aiki, a rubuta a sauke musu nauyi.

Asusun fansho naka ne, yana bin ka duk inda ka koma, bisa dokar fansho ta 2014. Ba a buɗe sabo. Lambarka da sunan kamfanin fanshonka kawai za ka ba sabon ofis. Amma kafin ka fita, nemi cikakken bayanin asusun ka bi shi wata-wata: kashi 8 cikin ɗari da ake cirewa daga albashinka da kashi 10 na mai ɗaukar aiki, doka ta ce su shiga cikin ranakun aiki 7 bayan biyan albashi. Duk watan da ka ga babu, rubuta wa sashen kuɗi tun kana ciki, ka haɗa da takardar albashin watan da ke nuna an cire. Idan ba su biya ba har ka tafi, hukumar kula da fansho ta ƙasa, wato PenCom, ake kai wa ƙorafin fansho, sauran haƙƙoƙi kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma a duk wuraren biyu kwafin nan mai tambari da takardun albashinka za a fara tambayarka.